Man farafin da ke cikin akwatin gwajin ƙazwa

Ka tambaye ni abin da ake zubawa a akwatin ɗaukar samfurin ƙazwa, da dalilin da ya sa nake ƙirga kwalaben mai da kaina, ba na bar wa kowa. Ta farkon ba zan ɓata yawuna a kanta ba, ɗana. Yaron da ya daɗe a ɗakin gwaji bai san safar hannu da auduga da alkol da lam da lamel (gilashin ɗora samfuri da siririn murfinsa) ba, gara ya tafi kasuwar Dole ya nemi wata sana'a. Maganar mai ce ta sa na zauna zan ba ka amsa, don ta taɓo mini wani tsohon miki.

Macen ƙwaron ƙazwa ba ta kai rabin milimita ba. Rami take haƙawa a saman fata, tana saka ƙwai 2 ko 3 kullum, kuma duk susar da mutum yake kwana yi, da ƙyar ka samu ƙwari 10 zuwa 15 a jikinsa gaba ɗaya. Wanda ya kankare fata a bushe, iska ya ba wa. Ɗigon man farafin a bakin bisturi, wato 'yar wuƙar likita, mai lamba 15 shi ke riƙe ƙwaron da ƙwai da kashinsa har su isa ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyin cuta. Ku 'yan yanzu kun fi son potas, ruwan sinadarin nan mai narkar da ɓawon fata, don yana share gilashi tas, amma kashin nan narkar da shi yake yi, kuma wani lokaci kashin kaɗai za ka samu.

Wani hunturu, wani ɗan kwangila ya zo mini da babbar riga da daɗin baki. Wai ya samu aikin duba almajirai a makarantun allo na wasu ƙauyuka, inda yara ke kwana kan tabarma ɗaya. Ya ce in haɗa masa akwatunan gwaji, ya ba ni kafin alƙalami kaɗan, sauran na cika da kuɗin aljihuna. Kowane akwati na sa masa mai, bisturi sabo ɗaya ga kowane yaro, tawadar nuna rami, salatif don jarirai da ba a kai musu ƙarfe, da gwangwanin zubar da kaifi. Ni da maiɗakina muka raba dare muna liƙa takardun suna.

Ashe kafin motar ta bar Damagaram ya kwashe man da bisturin ya sayar. Ya sayi reza a tebur ya raba wa ma'aikatansa, suna kankare yara a bushe, suna naɗewa a takarda, ga ƙurar hunturu tana kaɗawa. Da samfurin ya dawo hannuna na buɗe, ɓawon fata ne kawai da yashi. Ga yara suna susa har jini tsakanin yatsu da wuyan hannu, ni kuwa ban ga abin da zan rubuta ba. Waɗanda suka ba shi aikin suka ce kayana ne marasa kyau. Shi kuma ya hana ni sauran kuɗina, ya bi gari yana cewa na tsufa, idona ya mutu. Ni da na koya wa rabin masu duba madubin garin nan aiki!

Kuɗin na bar shi da Allah. Abin da har yau yake hana ni barci shi ne labarin da direban ya ba ni daga baya, cewa reza ɗaya ta bi yara da yawa, a ƙasar da ciwon hanta ya yi mana katutu. 'Ya'yan mutane ne aka ba da amanarsu.

Ku ba ku da haƙuri, waya ta cinye muku ido. Kuna kankare inda aka riga aka sosa ya yi gyambo, maimakon ku nemi ƙarshen sabon rami. Ɗauki daga wuri uku ko fiye, kuma rashin ganin ƙwaro bai wanke mutum ba, ka faɗa wa likita haka. Gobe in mai karɓar akwatunan nan ya zo, ku ƙirga komai a gabansa, ya sa hannu a takarda, sannan ka ɗaure murfin. In ya ce yana sauri, ka kira ni.