Jaririn da ya daɗe bai yi kuka ba, zai yi farfaɗiya?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya daɗe bai yi kuka ba da aka haife shi, kina tsoron farfaɗiya. Allah ya raya shi. Ƙarancin iska lokacin haihuwa yana iya taɓa ƙwaƙwalwa, amma ba kowane yaro ke kamuwa ba.

Sanyaya jariri da kika ji labari, wato rage zafin jikinsa don kare ƙwaƙwalwa bayan ƙarancin iska, aikin asibiti ne, awa 72 ake yi. Binciken 2021 a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash ya nuna bai taimaka a can ba, mace-mace ma suka ƙaru. Don Allah kada ki gwada a gida.

In kin ga idonsa ya kafe ko hannu ɗaya yana fizga, ɗauki bidiyo ki nuna wa likitan yara. Kada kowa ya tura masa cokali a baki.