Horar da masu gadi kan ɓarawon cikin gida

Malam, ka ce buhunan taki na ɓacewa a siton ƙungiyarku a wani ƙauyen Haɗeja, alhali ba a fasa ƙofa ba, kana tambaya yadda za ku horar da masu gadinku. To, da ɗan gari akan ci gari.

Lacca kaɗai ba ta isa, ku gwada masu gadin a aikace. Ku turo sanannen ma'aikaci bayan magariba ya nemi a buɗe masa babu takarda. Yawanci nan ake faɗuwa, saboda jin nauyin na gida. Wata rana ku janye buhu ɗaya, ku ga ko ƙidayar safe za ta gano.

Wanda ya faɗi a gyara masa a keɓe, kada a tozarta shi. Makulli da littafin lissafi kuma kada su zauna a hannu ɗaya. Don cikakken horo ku tuntuɓi hukumar tsaro ta Sibil Difens, su ke sa ido kan kamfanonin gadi.