Wankan Safe Na Yau Da Kullum Yana Ɗauke Janaba?

Tambaya: Malam, kullum nakan yi wanka da soso da sabulu kafin asuba. Ranar Talata, bayan na sallaci azahar, na ga alamar mafarki a wandona. Wankan safen ya isar mini?

Amsa: Bai isar maka ba, ɗan'uwa, kuma dalilin yana cikin maganarka, domin ba ka san da janabar ba sai bayan azahar, mutum kuwa ba ya nufin ɗauke abin da bai san yana tare da shi ba. Ka yi wankan janaba, ka rama asuba da azahar, kana lissafi daga barcinka na ƙarshe. Sayyidina Umar ya ga irin wannan a tufafinsa a Jurufi, wani wuri kusa da Madina, bayan ya yi limancin asuba, ya yi wanka ya sake sallarsa. Babu zunubi a kanka.

Ruwan ɗaya ne, jikin ɗaya ne, niyya ce ta raba ibada da al'ada, shi ya sa Ahalari ya fara da ita cikin farillan wanka.

Wataƙila a ce maka malaman Hanafiyya ba su sharɗanta niyya ba, saboda a wurinsu ruwa mai tsarkakewa ne da kansa, kamar yadda ruwan sama ke wanke najasar riga ba tare da nufin kowa ba. Muna girmama su, amma kiyasin bai zauna ba. Najasa abu ce da ake gani ana gusarwa, janaba kuwa hukunci ce, ba dauɗa ba, ga Annabi (SAW) ya gaya wa Abu Huraira yana cikin janaba cewa mumini ba ya zama najasa. Da tsafta ake nema, da fitsari ya fi cancantar wajabta wanka, kuma da ba a ce a wanke har gashin kai ba. Malaman Hanafiyya da kansu sun wajabta niyya a taimama, wadda madadin wanka ce, to ta yaya madadi zai buƙaci abin da asalinsa bai buƙata ba?

Sai dai kada wannan ya buɗe maka ƙofar waswasi. Ranar da ka farka da sanin janabarka, ka ɗauki bokiti dominta, ka riga ka yi niyya, ba sai ka furta komai a bayi ba. Ka saba duba tufafinka idan ka tashi, musamman in kana limanci.

Wallahu a'alam.