Hukuncin Fesa Maganin Ƙwari a Lambun Furanni Kusa da Amyar Maƙwabci

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a wani ƙauye a ƙasar Kura. Ina da ɗan fili a bakin magudanar ruwan Tiga inda nake renon furanni da ciyawar ado da 'ya'yan itatuwa a cikin leda, masu gidaje daga birni suna zuwa saye. Gara da tururuwa da darɓa sun dame ni, shi ya sa nake feshi duk sati, da hantsi. Wani ɗalibin ilimi a masallacinmu ya ce haramun nake yi, domin Annabi ya hana kashe tururuwa, kuma fure ba abinci ba ne balle a ce lalura ce. Maganar ta tsaya min a rai, har na fara shakkar kuɗin da nake samu. Akwai kuma wani dattijo maƙwabcina mai amya a kan ɗorawa da ke ƙorafin wai tun da na fara feshi zumarsa take mutuwa, amma wannan ban ɗauke shi komai ba tunda a filina nake yi. Mene ne hukuncin kashe tururuwar?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ɗana, kuɗinka halal ne, ka kwantar da hankalinka ta wannan wajen. Kashe ƙwaron da ke ɓata maka shuka ya halatta, ta ci ce ko ta ado. Sai dai abin da ka ajiye a ƙarshen tambayarka ka ce ba ka ɗauke shi komai ba, shi ne ya fi tsaya min, don a nan haƙƙin wani ya shigo. Bari mu fara sallamar maganar ɗalibin, tunda ita ta hana ka barci.

Hadisin da ya kawo maka yana nan. Abu Dawud da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe halittu huɗu: tururuwa, ƙudan zuma, alhudahuda da suda. Inda ɗalibin ya zame shi ne yadda ya ɗora hadisin a kanka. Malamai ba su fahimci hanin a matsayin wanda bai da togaciya ba. Imam Al-Khaɗɗabi ya bayyana cewa tururuwar da ake nufi ita ce babbar nan mai dogayen ƙafafu, saboda cutarwarta kaɗan ce. Ma'ana dalilin hanin shi ne rashin cutarwa. Idan cutarwa ta zo, hukunci ya sauya. Kuma ba sai mun je nesa ba. Risalar Ibnu Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta ce a ƙarshe-ƙarshenta babu laifi a kashe tururuwa idan ta cutar kuma ba a iya jure barinta, ko da yake rashin kashewar ya fi soyuwa. Sharaɗin da aka ambata cutarwa ne. Ba a ce sai mutum ya kai ga lalura irin wadda ke halatta cin mushe ba. Wannan sharaɗin ɗalibin ne ya ƙara shi daga wajensa.

Sai batun cewa fure ba abinci ba ne. Wa ya ce dukiyar da ake ci kaɗai ake karewa? Ɓera da kunama da hankaka da shirwa da kare mai cizo an halatta kashe su har a cikin harami, kuma ɓarnar ɓera ai ba ta tsaya a rumbu ba, yana cin tabarma, yana cin littafi, yana cin rigar Sallah. Babu malamin da ya ce a tsaya a tambayi abin da ya ci kafin a ɗana masa tarko. Ado kuma ba abin ƙi ba ne a shari'a. A Suratul A'araf, aya ta 32, Allah ya yi inkari ga wanda ya haramta adon da ya fitar wa bayinsa, a Suratun Namli kuma, aya ta 60, ya lissafa lambuna masu ƙayatarwa cikin ni'imominsa. Ka lura, a surar da aka sa wa sunan tururuwa ne ma wannan ayar ta zo.

Ko da mun sallama masa cewa ga mai gida a unguwar Nasarawa ko Bompai a birnin Kano fure ado ne kawai, ai a wajenka ba ado ba ne. Jarinka ne, da shi kake cefane. Gara ta cinye leda ɗari, abincin gidanka ta cinye. An hana mu tozarta dukiya, kuma zura ido ƙwaro ya gama da ita alhali da hanyar tsare ta yana cikin tozartawa. Ban da haka, ina iyakar ado da amfani a irin sana'arka? Darbejiyar da ka rena a leda gobe inuwar makaranta ce ko harabar masallaci, mangwaro da gwaiba kuma ba sai an faɗa ba. Kano da Jigawa suna cikin jihohin da hamada ke matsowa, har gwamnati na kashe kuɗi wajen dashen itatuwa. Da za a bi fatawar nan, duk mai renon itace sai ya rufe lambunsa.

Wataƙila ya kawo maka ƙissar Annabin da tururuwa ta ciza ya sa aka ƙone gidansu, Allah ya yi masa wahayi yana zargin sa, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Ka duba abin da aka zarga: tururuwa ɗaya ta yi cizo, aka hallaka al'umma guda da ke tasbihi. Abin da ƙissar ke hanawa shi ne wuce wanda ya yi ɓarna zuwa wanda bai yi ba. Wannan ba hujja ba ce a kan kashe mai cutarwa, amma ka riƙe ta, don ita ce za ta kama ka a batun zumar. Gaskiyar da ke cikin maganar ɗalibin ita ce kisa don wasa ko don banza haramun ne, kuma zuba kananzir a shuri ko ramin tururuwa a cinna wuta abin hani ne, tunda ga wata hanyar. Ka gaya masa wannan cikin ladabi. Tsoron Allah ne ya sa shi magana, karatun ne bai kai ƙarshen babin ba.

To, yanzu dattijon. Ƙudan zuma yana cikin huɗun nan da aka hana kashewa, kuma shi bai ci maka ganye ba, bai taɓa saiwa ba. Furenka ne ya kira shi. Ka ce da hantsi kake feshi, wato daidai lokacin da yake kan furen yana kiwo. Yawancin magungunan da ake sayarwa a kasuwanninmu ba sa bambance darɓa da zuma. Wanda feshin ya sama ya mutu nan take, wanda ya tsira ya kwashi gubar a jikinsa ya kai amya. Akwai ma nau'in da ke shiga cikin jikin shukar ya bi ruwanta har cikin zaƙin furen, kamar imidakulofirid, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili a shekarar 2018 saboda ƙudan zuma. Ka ga ƙorafin dattijon ba zato ne maras tushe ba.

“A filina nake yi” ba ta wadatar ba. Mutum yana da ikon sarrafa mulkinsa matuƙar cutarwa ba ta tsallaka ga maƙwabci ba. Hadisin “la darara wa la dirara”, wato babu cuta babu cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa, kuma a kansa malamanmu na Malikiyya suka hana mutum buɗe gidan wuta ko majema inda hayaƙi da wari za su cuci maƙwabta, alhali a filinsa yake. Zumar da ta zauna a amyar da mutum ya saƙa ya rataya dukiyarsa ce, kamar akuyarsa.

Abin da ke raba hukuncinka gida biyu shi ne ranar da ya fara yi maka magana. Kafin nan ba ka sani ba, kana yin abin da kowa ke yi a lambunsa, babu zunubi a kanka. Bayan ya sanar da kai, ka ci gaba a lokaci guda da magani guda alhali kana iya sauyawa, nan kam ka shiga sakaci, kuma abin da nake gani shi ne idan ya tabbata feshinka ne ya kashe masa zuma a wannan tsakanin, biyan abin da ya yi asara ya hau kanka. Na ce idan ya tabbata, don ƙasar Kura wurin noman rani ne, masu tumatir da shinkafa duk suna feshi, ƙudan zuma kuma yana tafiya kilomita biyu ko uku neman fure. Ba lallai kai kaɗai ba ne. Amma kada ka ɓuya a bayan wannan shakkar. Ka je gidansa da kanka bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba na ji maganarka, na zo mu gyara. Idan kun ga akwai asara, ku sa mai unguwa ko liman ya ƙiyasta muku, ka ba da abin da ya sauwaƙa, ka nemi yafiya. Dattijon da ya tsaya a ƙorafi bai kai ka gaban dagaci ba ya riga ya yi maka kara, kai ne ba ka gani ba.

Gyaran kuma ba mai wuya ba ne. Ka mayar da feshi yamma liƙis, bayan zuma ta koma amya, a ranar da babu iska. Kada ka fesa wa shukar da furenta ke buɗe; idan dole ne, ka tsinke furen tukuna, kuma mai shiga jikin shuka ka nisanta shi da duk abin da ke fure, don shi sauya lokaci ba ya maganinsa. Ka sanar da dattijon tun ana gobe, ya san yadda zai yi da amyarsa.

Wannan feshin na duk sati kuwa ban ga dalilinsa ba. Halaccin da na faɗa maka na ƙwaron da ya bayyana ne yana ɓarna. Feshi a kan lafiyayyar shuka don ranar ta zagayo asarar kuɗi ce, yana kashe gizo-gizo da ƙananan ƙwarin da ke cinye maka darɓa kyauta, sannan ƙwaron da ya saba da magani ɗaya yakan daina jin sa. Ka duba ƙarƙashin ganye kafin ka goya injin feshi. Ƙananan tururuwar da kake gani suna hawa kara sau da yawa ba ganye suke ci ba, zaƙin da darɓa ke fitarwa suke bi. Ka magance darɓar da ruwan sabulu ko jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka kwana da shi aka tace, su ma za su ragu ba tare da ka neme su ba, ka ga ka samu abin da Risala ta ce ya fi soyuwa. Gara tana bin busasshen kara da takin da bai ruɓe ba, maganinta a ƙasa yake, ba a kan fure ba. Farin abu kamar toka a kan ganye da ruɓewar saiwa kuwa cuta ce, galibi daga yawan ban ruwa da cunkoson ledoji, maganin ƙwari ba ya yi mata komai. Ka kai ganyen wajen malamin gona na KNARDA, hukumar raya noma da karkara ta jihar Kano, ya gani, ya fi ka dogara da mai shagon da ke auna maka da murfi.

Maganin guba ne, ba najasa ba, sallarka da kayan da ya taɓa ta inganta. Amma ba na son ka shiga sahu da su, kuma ba na son ka rungumi yaro da su. Yana shiga jiki ta fata, ba sai an sha ba. Ka sa riga mai dogon hannu, ka rufe hanci da baki, ka sa takalmin roba, kada ka busa bakin injin da bakinka idan ya toshe. Ka karanta jikin kwalba ko ka sa a karanta maka. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da ire-irensa, masu rubutun DDVP, a kasuwanni tun 2019, saboda yadda ake shan su da shigar da su ɗakuna, kuma irin wannan maganin ne aka samu a wakenmu har Turai ta daina karɓar sa a 2015. Abin da hukuma ta hana don kare rai, bin ta a kai wajibi ne, kuma fiya-fiyar da ake durawa a kwalbar da ba rubutu kada ta shigo lambunka. Idan wani ya fara zubar da yawu da gumi, yana amai, numfashi na sarƙewa bayan feshi, a cire masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu, a tafi asibiti da kwalbar. Ba a ba shi manja ko madara, ba a sa shi amai da gangan.

Abubuwa biyu ba ka tambaya ba, amma na san yadda ake yi a bakin ruwan nan. Kada ka wanke injin feshi ko ka zubar da ragowa a magudana. An la'anci mai bahaya a mashaya, ina ga mai zuba guba a ruwan da Fulani ke shayar da shanu, yara ke wanka, ake kama kifi? Kwalbar da ta ƙare ka ɗauraye ta sau uku ka juye a cikin injin, ka huda ta, don kada wata uwa ta tsince ta ta zuba man gyaɗa. Na biyu, ciyawar da ka aske bayan feshi kada ka bai wa masu kiwo, kyauta ko sayarwa, sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika. Idan ka bayar kana sane ragon wani ya mutu, wannan babu saɓani, biya ne. Haka wanda ya zo sayen shukar da ka fesa jiya, ka gaya masa, musamman idan a gidansa akwai yara masu rarrafe.

Wallahu a'alam.