Yajin barkono da ƙofar jin zafi

Tambaya: Malam ni ɗalibar jinya ce a Garwa, wai da gaske da barkono aka gano yadda muke jin zafi?

Amsa: Ƙwarai kuwa 'yata. A 1997 wani masanin kimiyya mai suna David Julius ya gano TRPV1, wata ƙofa ce jikin jijiya, in yajin barkono ya taɓa ta ko zafi ya kai digiri 43 a ma'aunin Celsius sai ta buɗe kalsiyam ya kwarara ciki, daga nan jijiyar ta aika saƙon jin zafi. Amma fa ki kula, cikin ƙwayoyin ƙodar ɗan Adam da ake kira HEK293 ya dasa ta a ɗakin gwaji, kuma wasu sunadaran da ke sarrafa ƙofar a jijiya babu su a can, to amsarta tana iya bambanta, shi ya sa ake maimaita gwajin a jijiyar ɓera.