Da wace manhaja zan fara koyar da Python?

Tambaya: Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma zan fara koya wa ɗalibaina Python, wato yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta, a kan tsofaffin kwamfutoci marasa intanet. Wasu sun ba ni shawarar in yi amfani da manhajar Visual Studio Code. Me kuke gani?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan ƙoƙari. Shawarata ita ce ka fara da Thonny, manhajar da aka ƙirƙiro a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya domin masu koyo. Kyauta ce, kuma tana zuwa da Python a cikinta, saboda haka kana iya sauke ta sau ɗaya, ka zuba a filashi, ka sanya wa kowace kwamfuta ba tare da ka sake sayen data ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take barin ɗalibi ya bi shirinsa layi bayan layi, yana ganin yadda ƙimar kowane abu take sauyawa, wanda hakan ke warware masa ruɗanin da bayanin baka ba ya iya warwarewa.

Visual Studio Code, wadda Microsoft ya fitar a 2015, manhaja ce mai ƙarfi, amma sai an sanya Python daban an kuma ƙara mata kayan aiki, ga yawan maɓallanta na iya ɗauke hankalin yaro daga darasi. Ka jinkirta ta har sai ɗalibanka sun fara rubuta shiri mai fayil da yawa.