Amsa ga 'yar'uwar da al'adarta ta ɗauke tana shekara 32

'Yar'uwa, kin ce al'adarki ta ɗauke wata biyar ba tare da ciki ba, ga zufar dare da ke jiƙa miki zane, kina tambaya ko haihuwa ta ƙare ke nan. Ba lallai ba ne. Waɗannan alamun na iya zama na raunin ma'ajiyar ƙwai kafin shekara 40, wanda yake samun kusan mace 1 cikin 100, kuma gwajin jini na FSH, wato sinadarin jiki da ke motsa ma'ajiyar ƙwai, shi ne ke tabbatar da shi. Wasu daga cikin masu wannan raunin, kimanin 5 zuwa 10 cikin 100, sukan sami ciki da kansu, domin ƙwan yakan farfaɗo jefi-jefi. Ki ajiye jiƙe-jiƙen maganin sanyi ki ga likitan mata da wuri, domin maganin estrojin (sinadarin mata da ma'ajiyar ƙwai ke samarwa) da zai iya rubuta miki yana kare ƙashi. Allah Ya ba ki lafiya.